Maigidana yana neman ajiye maganin zuciya saboda takardar gwajin jini

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa sun haura 50, kuma ya daɗe yana fama da hawan jini da ciwon suga. Wata huɗu da suka wuce ciwon ƙirji ya kama shi a shago, aka garzaya da shi asibiti, likitoci suka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa ce ta toshe, suka buɗe ta suka sa masa ɗan bututun ƙarfe a ciki. Yayansa ne ya biya mafi yawan kuɗin aikin. An sallame shi da magunguna, cikinsu har da asfirin da clopidogrel, aka ce ya yi shekara yana shan su ba fashi. Yanzu alhamdulillahi ya koma kasuwa, sai dai duk lokacin da ya yi asuwaki dasashinsa yakan yi jini, kuma abu kaɗan ya buge shi sai jini ya kwanta a wurin. Makon jiya an yi masa gwajin jini, fararen ƙwayoyi suka nuna 11,900, ƙwayoyin daskarar da jini kuma 260,000. Yayansa ya kai takardar wurin wani mai kemis, shi kuma ya ce fararen sun hau ne saboda taifod ce ke cin sa, na daskarewar kuwa daidai suke, don haka maganin ya gama aikinsa. Surukata kuma ta ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho a cire mataccen jinin da ke bayyana a fatarsa. Jiya na duba katin clopidogrel na ga bai ragu yadda ya kamata ba, da na yi masa magana sai ya ce ya gaji da zama majinyaci. Ina tsoron in matsa a ce na raina uwarsa da yayansa, ina kuma tsoron in yi shiru in rasa shi. Mece ce mafita?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan sa ido, domin duba katin maganin da kika yi ya fi duk abin da aka faɗa a kan takardar gwajin nan amfani. Zan fara da abin da ba ya jiran gobe, bayani ya biyo baya. Yau ɗin nan ya koma shan clopidogrel ɗinsa daidai yadda aka rubuta masa, ba tare da ya ninka ba don rama na baya, kuma yau ɗin nan a kira likitan da ya yi masa aikin, ko a je sashen masu ciwon zuciya na asibitin, a faɗa musu gaskiya cewa an yi fashi, a kuma ƙirga musu ƙwayoyin da suka rage a katin domin su san kwana nawa ne. Wataƙila likitan ya ce ci gaba da sha ya wadatar, wataƙila kuma ya ga dacewar ƙara masa wani adadi a karon farko, amma wannan hukunci nasa ne shi da ke riƙe da fayil. A cikin duk abin da kika lissafa, daga jinin dasashi zuwa maganar taifod, fashin nan ne kaɗai zai iya jawo babban abu cikin 'yan kwanaki.

Domin ki iya tsayawa a gaban yayansa da Hajiya da hujja a hannu, ya kamata ki san abin da ƙwayoyin jinin nan iri biyu da aka ƙirga a takardar gwajin suke yi a jijiyar mijinki, saboda mai kemis ya karanta lambobin kamar kowace tana zaman kanta, alhali ciwon ya samo asali ne daga haɗin kan da ke tsakaninsu. Ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet a ɗakin gwaji, 'yan ƙananan gutsattsari ne da ɓargo ke samarwa, wajen biliyan 100 a kowace rana, kuma kowace takan yi kwana 7 zuwa 10 tana yawo a cikin jini kafin ta mutu. Aikinsu da kowa ya sani shi ne toshe rauni: idan wuƙa ta yanke ki a kicin, su ne suke fara mannewa a bakin yankan, su kira 'yan'uwansu, har jinin ya tsaya. Fararen ƙwayoyi kuwa su ne masu yaƙi da cuta da share datti, kuma suna da rukuni-rukuni, amma biyu ne suka shafe mu a nan, wato monosait da nitrofil. An daɗe ana koyar da cewa waɗancan nasu daskarewa ne, waɗannan kuma nasu yaƙi da cuta, kowa da fagensa. Binciken shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa a cikin jijiyar zuciya mai ciwo aikin nasu a cuɗe yake.

Abin yana farawa ne shekaru da yawa kafin ranar da aka ɗauko maigida daga shago. Hawan jini da yawan suga da hayaƙin taba suna goge shimfiɗar da ke cikin jijiya, sai kitsen nan mai cutarwa na kolestarol ya riƙa kutsawa ƙarƙashinta yana taruwa. Jiki yana ɗaukar wannan kitse a matsayin baƙon abu, don haka monosait suke ratsa bangon jijiyar su shiga su haɗiye shi, su cika su kumbura, da yawansu su mutu a wurin. Tarin kitse da gawarwakin ƙwayoyi shi ne ke zama ƙullutun da ke ƙuntata hanyar jini, kuma jiki yakan lulluɓe shi da wani murfi na nama mai ƙarfi. Shi ya sa a 1999 wani masani na Jami'ar Washington a Amurka, Russell Ross, ya bayyana ciwon a matsayin ciwon kumburi, bayan an daɗe ana kallon sa a matsayin taruwar kitse kawai. To amma ta yaya monosait da jini ke gudu da ita take samun damar tsayawa a daidai wurin da ya lalace? A nan filatilet suke shigowa. Sukan manne a shimfiɗar da ta ƙuje tun kafin ta fashe, su shafa mata sinadaran da ke kiran fararen ƙwayoyi, sannan idan filatilet ta farka sai ta fito da wani maƙali a bayanta da masana ke kira fi-selektin, wanda ke da abokin haɗi a jikin farar ƙwaya. Da wannan maƙali take cafke monosait ta rage mata gudu, ta riƙe ta har ta samu ta kutsa cikin bango. Idan aka ɗebi jinin mutumin da bugun zuciya ya kama, wato wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe farat ɗaya, aka duba shi da na'ura ta musamman, akan tarar da monosait masu yawa suna yawo da filatilet manne a jikinsu, fiye da yadda ake gani a jinin mai lafiya.

Taimakon kuma ba ta ɓangare ɗaya yake tafiya ba. Fararen ƙwayoyin da suka taru a cikin ƙullutun suna fitar da sinadarai masu narkar da murfin da ya rufe shi, har ya yi siriri, wata rana ya tsage. Da zarar ya tsage, jini ya taɓa abin da ke ciki, filatilet sukan yi caa a wurin cikin daƙiƙoƙi, kowace tana fitar da sinadaran da ke tayar da na kusa da ita. Monosait ɗin da filatilet ta manne mata takan fara samar da sinadarin da ke kunna daskarewar jini, ita kuma nitrofil, idan filatilet ta zuga ta, takan fesar da zaren da ke cikin cibiyarta ya zama raga. Masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Balin ta Jamus ne suka fara bayyana wannan raga a 2004 a matsayin tarkon kama ƙwayoyin cuta, daga baya kuma aka same ta a cikin gudajin jinin da likitoci ke zuƙowa daga jijiyoyin masu bugun zuciya, tana kama ƙarin filatilet da jajayen ƙwayoyi tana ƙara wa gudan ƙarfi. Maigida ɗan kasuwa ne, zai gane misalin ɗan tsautsayin da ya faru a lungun kasuwa: mutum biyu suka tsaya taimako suka ɗaga murya, masu jin murya suka sheƙo, zuwansu ya jawo wasu, kafin a ankara lungun ya cushe ko mai baro ba ya iya wucewa, alhali kowa da niyyar alheri ya zo. Abin da ya toshe masa jijiya ke nan, kuma naman zuciyar da ke bayan toshewar yakan fara mutuwa tun cikin sa'ar farko idan ba a buɗe hanya ba.

Yanzu ki dubi bututun da aka sa masa ta wannan fuska. Ya buɗe hanya, ya ceci ransa da izinin Allah, amma a wurin filatilet shi ma rauni ne sabo, ƙarfe ne tsirara a tsakiyar hanyar jini. Sai shimfiɗar jijiya ta tsiro a hankali ta lulluɓe shi kafin su daina ganin sa a matsayin abin mannewa, kuma yawancin bututun da ake sawa yanzu an shafe su da maganin da ke hana nama toshe su, wanda shi kuma yake jinkirta wannan lulluɓewa zuwa watanni. A tsawon wannan lokaci magungunan nan biyu ne suke riƙe da filatilet. Asfirin yana kashe hanyar da suke samar da ɗaya daga cikin sinadaran kiran juna, wanda binciken John Vane na Ingila a 1971 ya share fagen fahimtarsa har ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Clopidogrel kuma yana toshe wata ƙofa daban da saƙon farkawa ke shiga ta cikinta, kuma an lura cewa ya fi asfirin rage fitowar maƙalin nan da mannewar filatilet a jikin monosait. Shi ya sa ba a cewa ɗaya ya wadatar a wannan mataki. A wani babban gwaji da aka buga a 2001 a kan majinyata fiye da 12,000, ƙara clopidogrel a kan asfirin ya rage mutuwa ta ciwon zuciya da sake bugu da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 20 cikin 100. Kowace filatilet da maganin ya taɓa ta nakasa ke nan har ƙarshen rayuwarta, amma tun da ɓargo yana sabunta kusan kashi ɗaya cikin goma a kullum, wanda ya daina sha yakan wayi gari cikin kamar kwana biyar da sababbin filatilet masu cikakken ƙarfi. Barin maganin kafin lokaci yana cikin manyan dalilan da ke sa gudan jini ya toshe bututu farat ɗaya, kuma irin wannan toshewa takan zo da bugun da ya fi na farko muni.

Da wannan za ki ga inda mai kemis ya kauce a kan lamba ta biyu. Adadin 260,000 yana tsakiyar abin da ake so, wato 150,000 zuwa 450,000, kuma mai yiwuwa ne ko a ranar da aka kwantar da maigida adadin bai yi nisa da haka ba. Gwajin yana ƙirga yawan filatilet ne kawai, ba ya auna saurin farkawarsu ko ƙarfin mannewarsu, kuma asfirin da clopidogrel ba rage yawansu suke yi ba balle a ce lamba ta nuna sun gama aiki. Mutane da yawa sun gamu da bugun zuciya da adadi mai kyau a takarda.

Maganar fararen ƙwayoyi ta fi buƙatar natsuwa, domin a nan akwai ɗan abin dubawa, sai dai ba abin da aka faɗa muku ba ne. Iyakar da yawancin ɗakunan gwaji ke amfani da ita ita ce 4,000 zuwa 11,000, don haka 11,900 hawa ne kaɗan. Ba na so ki yi watsi da shi, musamman da yake mutanen Afirka ta Yamma da yawa adadinsu na asali yakan ɗan yi ƙasa da na Turawa, amma hawa irin wannan ba ya nuna sunan wata cuta. Shan taba yana kawo shi, haka ciwon dasashi na dogon lokaci, da ƙiba, da sugan da bai daidaita ba, da magungunan ciwon gaɓoɓi masu sitiroyid da ake sayarwa barkatai, da mura ko ciwon mafitsara. Taifod kuwa, abin mamaki, ta fi zuwa da adadin da yake daidai ko ma ya yi ƙasa, kuma ba a tabbatar da ita ga mutumin da ba ya zazzaɓi yana zuwa kasuwa kullum. Tun a 1974 aka buga binciken da ya nuna cewa masu yawan fararen ƙwayoyi sun fi fuskantar bugun zuciya nan gaba, don haka idan lambar nan tana faɗin wani abu game da zuciyarsa, cewa take yi a ƙara riƙe magani. An ma taɓa zaton ko wata ƙwayar cuta ce ke hura kumburin jijiya, aka ba dubban majinyata maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wani gwajin da aka buga a 2005 har tsawon shekara guda, ba a ga ya rage bugun zuciya ba. Saboda haka kada a sayo masa antibayotik a kan wannan takarda. A kai ta wurin likitansa, a maimaita gwajin bayan 'yan makonni tare da rarrabe rukunin ƙwayoyin, a yi gwajin da ke nuna yadda sugansa ya kasance a watanni ukun baya, a duba fitsari da haƙora. Idan kuma kina jin warin taba a rigarsa, ki faɗa wa likitan ko da a keɓe ne, domin taba tana tayar da filatilet da fararen ƙwayoyi gaba ɗaya.

Wataƙila wani a dangi ya ji labarin cewa yanzu ana maganin kumburin jijiya kai tsaye, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2017 an buga gwajin da Paul Ridker na Boston ya jagoranta a kan mutane kimanin 10,000, inda allurar da ke toshe ɗaya daga cikin saƙonnin fararen ƙwayoyi ta rage sake bugun zuciya da makamantansa da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ta taɓa kolestarol ba, sai dai ta ƙara yawan masu mutuwa ta kamuwa da cuta. Wani tsohon maganin kumburi mai suna colchicine ma ya nuna amfani a gwaje-gwajen 2019 da 2020, amma wani babban gwaji na 2024 bai ga amfanin ba, kuma yana da haɗari ga mai raunin ƙoda, abin da ba a rasa shi ga mai suga da hawan jini. Na kawo wannan ne don kada a saya masa shi a kemis da sunan ci gaba. Maganin kumburin da ya riga ya mallaka shi ne na rage kolestarol da ke cikin ledarsa, wanda ke rage kitsen yana kuma kwantar da ƙullutun, kuma likitocin zuciya na Turai tun 2019 suna neman mai irin tarihinsa ya sauke mugun kolestarol ƙasa da 55 a ma'aunin miligiram. Ki duba katin wannan ma, domin wanda ya fara tsallake ɗaya yakan tsallake biyu.

Jinin da yake gani kuwa ba ƙarya yake yi ba, kuma bai kamata a ce masa ba komai ba ne. Mutumin da ya tofar da yawu ya ga ja a kowace asuba kafin salla dole hankalinsa ya tashi. Ɗan jinin dasashi da kwanciyar jini a fata sanannun abubuwa ne ga mai shan magungunan nan biyu, kuma yawanci ba sa sa a dakatar da su. Ya sauya zuwa buroshi mai laushi, ko ya tauna asuwakin ya yi laushi sosai ya riƙa gogawa a hankali, sannan ya ga likitan haƙori, domin sau da yawa dasashin da ke jini dasashi ne mai ciwo tun asali, kuma gyara shi zai iya sauke fararen ƙwayoyin ma. Ya gaya wa likitan haƙorin magungunan da yake sha, kuma kada ya dakatar da su don cire haƙori sai da yardar likitan zuciya. Jinin da ke buƙatar asibiti nan take daban ne: bahaya baƙi ƙirin mai danƙo, aman jini, jini a fitsari, haɓon da aka matse hanci minti goma sha biyar bai tsaya ba, matsanancin ciwon kai na farat ɗaya, ko buguwa a kai. Ki kuma raba shi da diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin gajiya da 'yan kasuwa ke sha da yamma, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, ibuprofen kuma yana iya tare wa asfirin hanya. Farasitamol ya ishe shi. Idan yana da tarihin gyambon ciki, likita zai iya ƙara masa maganin kare ciki, kuma akan fi zaɓar pantoprazole a kan omeprazole saboda na biyun yana iya rage ƙarfin clopidogrel.

Sai maganar Hajiya. Uwa ce ta ga tabo a jikin ɗanta wanda ta kusa rasawa, ta kawo maganin da ta sani kuma ta yarda da shi, wanda yake da asali a sunna. Kada ki yi jayayya da ita a kan ƙaho kansa, domin ba za ki ci wannan muhawara ba, kuma ba ita ce a gabanku ba. Abin da ke gabanku shi ne lokaci. Tabon da take gani ba mataccen jini ba ne da ke neman hanyar fita, ɗan jini ne da ya tsiyaya daga ƙananan jijiyoyi saboda an rage ƙarfin daskarewa da gangan, kuma jiki zai shanye shi da kansa. Tsaga fatar mutumin da ke wannan hali, ga kuma suga da ke jinkirta warkewar rauni, yana iya jawo zubar jinin da zai tilasta a dakatar da maganin a lokacin da bututun ya fi buƙatar sa, kuma ƙahon da aka kafa a baya ba ya isa ga jijiyar zuciya. Wannan bayani bai kamata ya fito daga bakinki ba. Ɗanta ne zai ce mata, “Hajiya, likita ya ce a dakata da ƙaho sai an gama maganin,” ko kuma wani malami da take girmamawa ya tuna mata cewa shari'a ba ta yarda a cutar da jiki da sunan magani ba. Ke kuma ki ba ta wani aiki a cikin jinyar, kamar ta riƙa tambayar sa a waya ko ya sha maganinsa, domin da wuya ya yi mata ƙarya yadda zai kauce miki. Idan ta kawo jiƙo ko gari, ki karɓa da hannu biyu, ki ajiye sai an nuna wa likita, saboda wasu tsirrai suna ƙara tsinka jini idan aka sha su da yawa.

Yayansa, a ganina, shi ne zai fi saurin dawowa hanya, kuma shi ne abokin tafiyarki idan kika bi da shi ta girmamawa. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a aikin nan ba ya son ya ga ya lalace, kuma kai takarda kemis da ya yi alama ce ta yana bibiya. Ki roƙi maigida ya gayyace shi ganin likita na gaba, ko ki ce masa, “Yaya, tun da kai ka tsaya a kan aikin nan, ina so ka ji da kunnenka abin da likitan zai ce game da takardar.” Kada ki ce mai kemis ya yi kuskure, ki bar likita ya faɗa. Ku shiga da tambayoyi a rubuce: yaushe ne ainihin ranar da za a sake duba maganin, wanne za a ajiye wanne za a ci gaba da shi, kuma ko jinin da yake gani ya kai a sauya tsari. Akwai majinyatan da likita ke gajarta musu lokacin haɗa biyun saboda haɗarin zubar jini, ya bar su a kan ɗaya, don haka tambayar tana da muhalli, matuƙar wanda ya san irin bututun da girman jijiyar ne zai amsa ta.

Shi kuwa maigida, kalmarsa ta cewa ya gaji da zama majinyaci ita ce ta fi tsaya mini a rai. Namijin da ya saba shi ake jira ya ciyar, yau an wayi gari kowa a gida yana da ra'ayi a kan jikinsa, matarsa tana ƙirga masa ƙwayoyi, yayansa yana yawo da takardarsa. Ajiye magani wani lokaci hanya ce ta cewa na warke, ku ƙyale ni. Damuwa da karayar zuciya kuma sun zama ruwan dare bayan bugun zuciya, kuma suna cikin abubuwan da ke sa mutane barin magani, saboda haka idan kin ga barcinsa ya lalace, ko ya daina sha'awar abin da ya saba so, wannan ma abin faɗa wa likita ne. Ki same shi a lokacin da kuke ku biyu, ba gaban yara ba, ki bar maganar kati, ki faɗa masa tsoronki kai tsaye, sannan ki nuna masa cewa haɗa biyun nan yana da wa'adi, kuma ya riga ya ci kashi ɗaya cikin uku. Ki mayar masa da ragamar abin: ya zaɓi lokacin da zai riƙa sha, ya haɗa shi da abin da ba ya tsallakewa kamar karin kumallo, ya sa ƙararrawa a wayarsa, ya ajiye kati ɗaya a shago saboda ranar mantuwa. Ki kuma tambaye shi a hankali ko kuɗin maganin ne ya yi nauyi, domin maza da yawa sun gwammace su ce sun gaji da su ce babu. Idan haka ne, clopidogrel yana da nau'o'i masu sauƙin kuɗi daga kamfanoni daban-daban, likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani zai nuna muku mai rajistar NAFDAC, kuma gara a nemi taimakon yayansa a kan wannan da a riƙa sha ana tsallake rana.

Idan duk da haka ya ƙi, kada ki ɓoye masa magani a abinci, kuma kada ki rufa masa asiri a wurin likita. Ki sanar da yayansa da likitan halin da ake ciki, ki kuma shirya wa gaggawa: ki san asibitin da ke da na'urar auna bugun zuciya dare da rana, ki ajiye lambar mai mota, takardar sallamarsa da sunayen magungunansa kuma su zauna wuri ɗaya da kowa a gida ya sani. Ciwo ko nauyi a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, musamman da gumi ko haki ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, asibiti ake nufa da shi kai tsaye ba kemis ba, kuma mai suga yana iya zuwa da haki da gumi da kasala kawai ba tare da ciwon ƙirji ba. Zazzaɓi ma kada a yi masa sakaci, domin kamuwa da cuta tana tayar da filatilet da fararen ƙwayoyi a lokaci guda, har wani bincike na Kanada a 2018 ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau shida a makon farko na mura mai tsanani da gwaji ya tabbatar. Zazzaɓin cizon sauro kuma yakan sauke adadin filatilet, wanda ke ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan magungunan nan, saboda haka duk ranar da jikinsa ya yi zafi a yi gwaji a asibiti a ranar, a gaya musu yana da bututu a zuciya, kuma ya ci gaba da shan maganinsa har sai likita ya ce akasin haka.